Sannu da Me?

Yau layi ya zo kan Inna. Da hantsi na raka ta asibiti a saka mata ƙwayar ƙeya, wadda ke tare jin ciwo kowane iri tun a gindin ƙwaƙwalwa. Shekara shida ke nan gwiwa na damunta.

Ni nake share kejin ɓeraye a gidan da aka fara gwada ƙwayar. Ban yi karatu mai nisa ba, amma ina da ido. Jiya na ga ƙofar keji ta datse wa wani jela, shi kuwa yana ta cin dawarsa.

A bakin asibitin muka tarar da Iya Tabawa mai ƙosai, wadda aka saka wa tata bara. Tana hira, mai ya fantsamo mata a hannu, fatar ta tashi.

"Sannu, Iya," na ce.

"Sannu da me, 'yar nan?" Ta juya wurin Inna tana dariya. "Marka, shiga ki huta. Ni har na manta yadda ake cewa wayyo."

Aka kira sunan Inna. Ban iya magana cikin mutane ba, sai na riƙe bakin mayafinta.

"Auta, lafiya?"

"Inna, ke kaɗai kike wuni a gida, kuma da itace kike girki. In wuta ta kama zaninki ta baya, wa zai gaya miki?"

Ta daɗe tana kallon hannun Iya Tabawa. Aka sake kiran sunan.

"Je ki ce su kira na bayana," ta ce. "Ki dawo ki kama ni, mu tafi a hankali."