Farin Ɗigo a Jikin Ɗan Ja

Kwana tara da rasuwar maigidanta Yaya ta ga ɗigon farko a jelar Ɗan Ja. Washegari sun zama goma sha. Kafin jibi kifin ya koma kamar wanda aka barbaɗa wa gishiri, yana goga jikinsa da duwatsun ƙasan akwatin gilashi, ya tattare fukafukansa, abinci ko kallo.

Ɗan Ja kifin Auta ne, ɗiyarta tilo. Ita ta kawo shi cikin leda tana aji uku, wata biyar kafin zazzaɓi ya ɗauke ta. Shekara tara ke nan Yaya ke kiwonsa a falo, kusa da keken ɗinkinta. Duk matar da ta kawo ɗinki sai ta ji labari: kifin mutane wata shida ya mutu, nata kuwa kullum ƙara yarinta yake, har jelarsa da ta taɓa yagewa ta koma sabuwa fil. Hannu ne, in ji ta, ba kowa aka ba ba.

Maigidan, direban babbar mota, ba ya cikin waɗanda aka ba. Ko a gaban masu gaisuwa Yaya ba ta ɓoye ba: mutumin kirki ne, Allah ya jiƙansa, amma zuciyarsa taya ce. Bai taɓa zama ya yi kukan Auta ba. Abin da ya iya shi ne, lokaci-lokaci ya tashi da safe ya ce ta je ta wuni gidan ƙanwarta, ta sha iska. Ko ana gobe za a kwantar da shi asibiti, yana tafiya yana dafa bango, sai da ya kore ta, shi kuma ya fice yawonsa.

Ƙanwar ce ta nemo mai sayar da kifin ado na bayan tasha. Ya zo da 'yar jaka da kati mai ɗauke da "Likitan Kifi". Yaya ta dube shi sama da ƙasa, ta dubi silifas ɗinsa wari da wari, ta ja tsaki. Duniya ta zo ƙarshe, in ji ta, tunda har kifi ya samu likita, mutum kuwa yana layi.

Mutumin ya ajiye jakarsa. Ya durƙusa ya haska tocila a gefen gilashin, ya daɗe yana kallon yadda kifin ke haki. Ya ce ƙwayar cuta ce mai maƙalewa a fata. In ta ƙoshi sai ta faɗo cikin tsakuwa ta hayayyafa, 'ya'yanta su sake hawa kifin, kuma a wannan tsakanin kawai magani ke kama su. Don haka za a ɗumama ruwan a hankali, a cire gawayin da ke cikin matatar ruwan, a zuba gishiri marar haɗi da shuɗin magani, a riƙa canza rubu'in ruwan kullum ana zuƙe dattin ƙasa. Ko ɗigon ya ɓace kada a tsaya sai an cika kwana goma.

"Gishiri," in ji Yaya, ta juya wajen ƙanwarta. "Saura albasa da mai. Wannan kika kwaso min?"

Ƙanwar ta ce ta yi haƙuri ta bar bawan Allah ya yi aikinsa. Shi kuwa yana auna magani da murfin kwalba ya tambaya, ba tare da ya ɗago ba, yaushe aka sa sabon kifi a ruwan.

Nan Yaya ta samu abin da take jira. Ta ce shekara tara ko sauro bai shiga akwatin nan ba tare da saninta ba. Ya ce cutar ba daga sama take faɗowa ba, sabon kifi ke shigo da ita, shi ya sa ake keɓe shi mako biyu a wani ruwan kafin a yarda da shi. Ta ce to ya koma inda ya sayo likitancinsa ya ce su ba shi canji.

Ya ɗago zai ba ta amsa, sai idonsa ya faɗa kan hoton da ke jingine a kan talabijin, na maigidan tsaye gaban motarsa. Murfin kwalbar ya tsaya a hannunsa. Ya sake duban Ɗan Ja, ya sake duban hoton. Ya tambayi ƙanwar a hankali ko mai hoton yana nan. Ta ce yau kwana goma sha biyu.

Ya yi ta'aziyya, muryarsa ta canza. Ya zuba maganin, ruwan ya rine shuɗi. Ya ce kifin zai tashi in an bi ƙa'ida, kuma zai riƙa leƙowa da kansa.

Yaya ta taɓe baki. Ta ce kada ya wahalar da silifas ɗinsa, tun kafin ya san hanyar tasha take raya kifin nan ita kaɗai. Ta nuna hoton da haɓa.

"Ga wanda ya haifi mai kifin nan. Shekara tara, ko sau ɗaya bai taɓa tsayawa ya dubi dabbar nan ba. In ka tambaye shi launinsa ma bai sani ba."

Mai sayar da kifin ya zuge jakarsa, ya miƙe, ya kai bakin ƙofa. Kamar zai fita, sai ya tsaya.

"Mama, ya san launinsa. Har tsawonsa yake aunowa da zare," ya ce. "Sau shida yana zuwa wurina neman mai kama da wanda ya kusa mutuwa, kullum kuma sai ya bari na keɓe masa shi mako biyu kafin buƙata ta taso. Wannan ne kawai ya ce in ba shi haka nan, don ba shi da mako biyun."