Faci Na Huɗu

Japhet ya jefar da keken a gaban rumfar Gabdo mai faci.

"Sau huɗu ke nan! Abokin tafiyata Adi ya wuce kasuwar Sorau tun asuba ya bar ni. Masarata za ta ruɓe a gona saboda aikinka na banza!"

Gabdo ya zare tayar, ya bi cikin ƙarfen rim ɗin da yatsa. Sai ga jini.

"Ba ƙusar hanya ba ce, maigida. An cire robar da ke rufe kan wayoyin, an wasa guda ɗaya kamar allura. Ko sau ɗari na liƙe, sai ta huda."

"Wane la'ananne ne?"

"Ni ce."

Matarsa Hajaratu ce tsaye a bayansa, goye da jaririnsu.

"Na ce maka yaran daji masu bindiga sun tare hanyar, ka ce surutun mata ne. To, dake ni!"

Ya ɗaga hannu ke nan, wani baƙo ya tsaya yana turo keke. Japhet ya gane keken Adi ne da jan sirdinsa, amma babu Adi.

"Don Allah," in ji baƙon, "ina gidan mai keken nan?"