Dutse Ɗaya a Bayan Taya

Wata huɗu ke nan da zuwan Mama Martha gidan ɗanta Longji a Fort Washington, ƙasar Amurka, amma duniyarta ba ta wuce tagar falo ba. Tsohuwar da ta saba hawan duwatsun Pankshin zuwa gonarta ta acca tun da sassafe, yau ga ta a kujera tana kallon shingen maƙwabta.

"Longji, wai ku a ƙasar nan ba ku da dutse ne?" ta tambaye shi wata rana da ya dawo daga asibitin da yake aikin jinya. "Ko iska ma sai an kunna muku ita."

Maganar ta soke shi har zuci. Shi ma shekara goma sha ɗaya rabonsa da gida, kuma kewar duwatsun nan ba ta taɓa sakinsa ba. Ga shi saura wata biyu bizar Mama ta ƙare.

"Akwai su, Mama," ya ce. "Kafin ki koma sai na kai ki kin kwana a kan dutse."

Gwiwoyinta ba za su jure kwanan tanti a ƙasa ba. Sai ya je gwanjon tsofaffin kayan soja, ya sayo wata 'yar tirela mai taya biyu, irin wadda ake ja da mota, don ya mayar da ita ɗakin kwana. Kai, Longji ya yi aiki! Ya yi mata rufi, ya fasa taga, ya shimfiɗa katifa, ya rataya labulen atamfa. Har wurin ajiye risho ya gyara, don Mama ta dafa gwaten acca da hannunta.

Abokinsa Katung, makaniki ne, coci ɗaya suke zuwa, ya zo ganin aikin. Bai ko dubi labulen ba. Ya durƙusa ya ja birkin hannun tirelar, abin ya ƙi motsi.

"Mutumina, birkin nan tsatsa ta cinye shi. Wannan fa ba amalanke ba ce, ƙarfen soja ne, nauyi gare shi. Kawo min ita in gyara, ka kuma sayi weji na tokare tayoyin duka biyu."

Longji ya tuntsire da dariya. "Haba Katung! Amurka ta mayar da kai matsoraci. Manyan motocin da ke tsayawa a gangaren Hawan Kibo can gida, da me ake tokare su? Ba dutse ba?"

"Can ai motar tana cikin giya, birkinta na ci. Dutsen ƙari ne kawai."

"To, na ji. In mun dawo sai ka gyara."

In mun dawo! Mutum ya yi sati shida yana zaɓen fenti, amma yini ɗaya na gyaran birki ya gagare shi.

A watan Oktoba suka kama hanyar duwatsun Virginia, su biyu. Da tsaunukan suka fara bayyana daga nesa, Mama ta dafe ƙirji.

"Yesu! Longji, ga gida!"

Ta kama waƙar coci da yarensu, shi kuma yana tuƙi hawaye na zubo masa. Tun zuwanta bai ji ta yi waƙa ba sai ranar.

Wurin da suka sauka yana da 'yar gangara, kuma an yi ruwa jiya, ƙasar ta yi laushi. Longji yana son ya je ya sayo itacen wuta, don haka ya kwance tirelar daga jikin mota. Ya nemo dutse mai girman tukunya, ya cusa a bayan taya ɗaya, ya taka shi da ƙafa.

"Mama, shiga ki ɗan miƙe. In na dawo mu hau can sama ki ga gari."

Ta shiga. Ya kunna mota ke nan, sai ya duba madubi. Tirelar tana tafiya. Mama ta matsa can ƙurya inda katifa take, nauyi ya koma baya, dutsen ya nutse cikin jiƙaƙƙiyar ƙasa, tayar ta haye shi.

Ya fito da gudu yana ihu, "Mama! Mama!" Ya cafki birkin hannun ya ja da duk ƙarfinsa. Ko gezau. Tirelar ta fizge daga hannunsa, ta gangara, ta daki wata bishiya.

Ƙashin kwatangwalon Mama ya karye. Longji ma'aikacin jinya ne, ya san abin da irin wannan karaya ke yi wa mai shekara saba'in da uku. Ba sai likita ya faɗa masa ba.

Sauran kwanakinta a Amurka a gadon asibiti ta yi su. A keken guragu aka sa ta a jirgi. Ba ta taɓa ɗora masa laifi ba, kuma wannan ya fi masa zafi a kan da ta zage shi.

Yanzu duk Lahadi yana kiranta a waya. Wata rana ya daure ya tambaya, "Mama, yaya duwatsunmu?"

Ta ce, "Suna nan, ɗana. Ina ganinsu ta taga."

Jama'a, duk abin da zai ɗauki rai, a fara gyara birkinsa kafin adonsa. Dabarar da muka saba gani a gida ba ta maye gurbin kayan tsaro, kuma in masanin aiki ya ce a gyara, a gyara kafin a tashi.