Hannun Merv

Baba ya dangwarar da littafin a kan tebur, har shayina ya fantsama.

"Angus, kai ka rubuta wannan?"

Sunan aro ne a bangon, amma na san asirina ya tonu. Labarin soyayya ne tsakanin maza biyu masu askin tumaki. Ɗayansu kuwa, tun daga karyayyen hancinsa har yadda yake fito, marigayi Merv ne na kwaikwaya, abokin aikin Baba na shekara talatin a rumfunan askin tumaki na garin Longreach. Soyayyar ce kawai na ƙirƙira.

"Ni ne, Baba."

"Ka ɗauki mutumin da ke kabari ka baza shi a duniya, ko kunya babu?"

"Na canza sunan..."

"Rufe min baki!" Ya buɗe shafin da ya lanƙwasa. "Karanta nan."

Na karanta da ƙyar: "Ya shafa fuskarsa da hannunsa mai kaushi."

"Kaushi! Ɗan mai aski guda, amma ba ka san maiƙon ulu yana sa hannu laushi kamar na jariri ba?"

Ya leƙa ta taga. Mama tana can nesa tana shanya. Ya zauna, ya rage murya.

"Shekara talatin hannun nan yana shafa fuskata, ban taɓa jin kaushi ba. Ka gyara masa kafin a sake bugawa."