Kunnen Bakanike

"Ce masa ya ƙara taka ta," in ji mijinta ta waya.

Dillalin ya taka totur, ita kuwa ta kara wayar kusa da injin. Mota ta huɗu ke nan yau. Shekara ashirin mijin yana gyaran injin dizal kafin ciwon ƙoda ya kwantar da shi. Yanzu kunnensa kaɗai ya rage a bakin aiki.

Wannan ce ta kwanta mata a rai: ga gudu, ga kujerar baya kamar katifa. Har miƙewa ta yi a kai ta gwada, dillalin yana ƙunshe dariya. Tafiyar awa uku ce zuwa wankin ƙoda, sau biyu a mako, kuma motar haya ta gama jijjige shi. Kuɗin filin da suka sayar ba zai sayi mota sau biyu ba.

"Bar ta," in ji mijin. "Koma wa ta farkon."

"Waccan akwalar? Kujera kamar benci, tafiya kamar kunkuru! Don Allah, Baban yara, ka tausaya wa bayanka."

"Injin wannan ya gaji. Da ƙyar ta kai shekara."

"To shekara wasa ce?"



"Ni shekara ta ishe ni, har da saura," ya ce a hankali. "Ta farkon za ta yi goma. Ke nake zaɓa wa."