Kunnen Inna

Likita ta gama ɗora wa Inna wata hula mai wayoyi, sannan ta juyo wajen ɗan tsohuwar da matarsa. "Ku yi hira kamar kuna gida. So nake in ga yadda ƙwaƙwalwarta ke yi da magana."

An yi shekaru gidan ya sallama cewa Inna ta kurumce. A gabanta ake gulmar maƙwabta, a gabanta miji da mata ke tsiyarsu, a gabanta jikoki ke shirya ƙaryar da za su shara mata.

Matar ta yi ƙasa da murya. "Wallahi idan aka sa mata na'urar ji, mun shiga uku. Ka manta Hukuma muke kiranta?"

"Ke, rufa mana asiri," in ji mijin, yana danne dariya.

A fuskar kwamfuta wani layi yana hawa yana sauka. Likita ta nuna shi da biro.

"Ƙwaƙwalwa tana bin magana ne kamar yadda mai rawa ke bin ganga, gaɓa bayan gaɓa. In kunne bai kawo sauti ba, sai ta rasa taku. Ta Inna kuwa ko tuntuɓe ba ta yi ba. Har raɗar nan taku sai da ta taka."

Mijin ya shiga tuno duk abin da bakinsa ya taɓa saki a tsakar gida.

Inna ta cire hular, ta gyara ɗankwali, ta galla wa likita harara.

"Kin cuce ni, 'yar nan. Rediyo ɗaya gare ni a duniya, kin kashe min shi."