Littafin da Kawu Ya Gasa

Ina shekara goma sha ɗaya ƙaramar hukuma ta rufe laburaren unguwarmu a Manchester, aka rabar da littattafan, na samu ɗaya. Labarin wani zamani ne mai zuwa, inda wani annabin ƙarya ke mulkin ƙasa, matasa na shirya masa tawaye. Saura babi biyu in gama, Kawu, yayan mahaifiyata, ya zo daga Birmingham, ya karanta bangon, ya ƙwace.

"Ke, wannan ne haddar taki?"

Ya nufi kwandon shara, sai ya tsaya. Injiniya ne, ba ya aiki da ka. Ya buɗe shafukan, ga sunan Allah birjik da Turanci.

"Ba a jefa sunan Allah a shara," ya ce. "Kawo ashana."

A kan wayar gashin nama da ke lambun gidanmu ya ƙona shi, cikin ladabi. Har yau ƙaurin takarda da tsohon kitsen rago na hancina.

Yanzu jikokin Kawu bakwai. Duk wanda ya cika goma sha ɗaya nakan aika masa sabon kwafi, in rubuta a ciki: "Fara da ƙarshen, kafin kakanka ya gani."